Kafin Aji Ɗaya: Wa Ke Riƙe da Yaron Ajingi?

Duk lokacin da aka tashi maganar yara a jihar Kano, daga aji ɗaya ake farawa. A yi zancen gini, a yi na benci da inifom da ƙarancin malamai. Shirin ilimi kyauta kuma dole da gwamnatin Ganduje ta ƙaddamar a 2019, da dokar ta-ɓaci da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana kan ilimi a watan Yunin 2024, yaron da suka fi sa wa ido shi ne ɗan shekara shida da ke tsaye a ƙofar firamare. To amma kafin ya kawo wannan ƙofa an riga an gama da abubuwa da yawa a kansa: tsayinsa, ƙwarin jikinsa, yawan kalmomin da ke bakinsa, da ko ma zai yi kwanan da zai iso. Shekarun nan biyar na farko babu ma'aikatar da za ta bugi ƙirji ta ce nata ne. Ma'aikatar lafiya na ganin yaro ranar riga-kafi, ta ilimi na jiran ya girma, ta mata kuwa sai an samu matsala ake tunawa da ita.

A wuri irin Ajingi ne wannan giɓi ya fi fitowa fili. Ƙaramar hukuma ce ta manoma a gabashin Kano, kan iyaka da Jigawa, maƙwabciyar Gaya kuma a ƙarƙashin masarautarta. Ƙidayar 2006 ta ba ta mutum 174,137, a mazaɓu goma da suka haɗa da Toranke da Balare da Gurduba da Chula da Kunkurawa. Masu tsara aikin lafiya kan ɗauki kashi 20 cikin 100 na jama'a a matsayin 'yan ƙasa da shekara biyar. A wannan lissafi, tun a wancan lokaci yara kusan 35,000 ake magana, kuma kowa ya san ba a daina haihuwa ba tun daga 2006. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa a jihar Kano yara 57 cikin 100 sun tsumbure, ba su kai tsayin da ya dace da shekarunsu ba, yayin da na ƙasa baki ɗaya yake 37. Ya kuma nuna cewa cikin kowane jariri 1,000 da aka haifa a jihar, 164 ba sa kai shekara biyar. Alƙaluman nan na jiha ne gaba ɗaya, har da Nasarawa da Fagge da Tarauni, kuma binciken da kansa ya nuna karkara ta fi birni shan wuya.

Kada wani ya ɗauka cewa ƙauyen Hausa bai da tsarin kula da jariri sai da Bature ya kawo. Yana da shi, kuma tsari ne mai kyau ƙwarai a wurare da dama. Mai cikin fari takan koma gidan iyayenta ta haihu a gaban uwarta. Mai jego tana da kwana arba'in da ba a sa ta daka, ba a sa ta ɗebo ruwa, ana dafa mata ruwan wanka safe da yamma, ana ba ta kunu da ɗan nama. Ranar suna mata su zo da gudummawa, wannan da sabulu, wannan da turmin atamfa, waccan da kwanon gero, kuma duk ana riƙe da lissafi don a rama wa kowace alherinta idan nata ya zo. Jariri ba ya rasa hannu: daga bayan uwa zuwa cinyar kaka, daga nan zuwa kafaɗar gwaggo. Nono kuma har kusan shekara biyu. Ƙasashen da suka ci gaba suna kashe maƙudan kuɗi don su sama wa mai jego hutu da 'yar rakiya irin wanda ƙauyenmu ke bayarwa kyauta. Duk shirin da zai shigo Ajingi yana yi wa wannan tsari kallon jahilci, a bakin zaure zai tsaya.

Amma tsarin yana yoyo, kuma an san wuraren da yake yoyon. A gidaje da yawa har yanzu ana matse nonon farko a zubar don wai ba shi da kyau, alhali shi ne garkuwar jariri ta farko daga cuta. Ana ɗura wa ɗan kwana uku ruwa don kada ƙishi ya kama shi, ruwan kuma na rijiya ne, sai gudawa ta biyo baya. Binciken 2018 ya ce jarirai 29 ne kawai cikin 100 a Najeriya ke samun nono zalla a watanni shidan farko. Bayan wata shida, lokacin da nono kaɗai ya daina isa, abin da ake ba yaro sau da yawa koko ne tsararo, wanda ke cika ciki ba ya gina jiki. Idan uwa ta yi kwanika, sai a yaye shi rana ɗaya a kai shi gidan kaka, ya haɗa rashin nono da rashin uwa. Abin takaicin shi ne gyaɗa da wake da waken suya da zogale da ƙwan zabo duk a yankin nan ake samunsu. Suna wucewa kasuwa ne don a biya bashin taki, ba sa tsayawa a kwanon yaro.

A shiga kowane gida da hantsi a tsakiyar damina. Maigida yana gona. Rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai nuna ba. Uwa tana surfe ko tana suyar awarar da za a kai talla. Jaririn da ke rarrafe yana bayan yayarsa 'yar shekara bakwai, zanin goyon ya saɓule har ƙafafunsa na dukan ƙwaurinta, ita ce mai lallashinsa, ita ce mai ɗura masa ragowar kokon safe, ita ce mai yanke hukuncin ko zafin jikin nan ya kai a faɗa wa Inna. Yarinyar nan ita ce babbar ma'aikaciyar renon yara a ƙasar Hausa, ba ta da albashi, ba ta da horo, kuma kujerarta ce ke zama babu kowa a aji biyu. Duk mai neman dalilin da ya sa 'yan mata ba sa zama a makaranta, ya fara dubawa nan kafin ya kai ga zancen aure.

Ta ɓangaren hukuma, abin da ya fi isa ƙofar talaka shi ne aikin lafiya, kuma tarihin shan-inna ne ya share masa hanya. Mutanen Kano ba su manta da 1996 ba, lokacin da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a tsakiyar annobar sanƙarau, a gwajin da ya shafi yara 200, 11 suka rasu. Wannan tabo na cikin abin da ya sa jihar ta dakatar da ɗigon shan-inna a 2003, sai a watan Yulin 2004 aka koma. Abin da ya dawo da yarda ba talla a rediyo ba ne kawai. An koma ga sarakuna da hakimai da dagatai da masu unguwanni, aka ɗauki matan unguwa 'yan sa-kai da ke shiga gida-gida, suna halartar suna, suna rubuta duk jaririn da aka haifa a layinsu. Matar da ta san sunan kakarka ba ka rufe mata ƙofa. A watan Yulin 2014 aka ga yaro na ƙarshe da ainihin ƙwayar cutar ta kama a jihar Kano, a Sumaila, kuma a Agustan 2020 aka tabbatar da Afirka ta rabu da ita. Darasin a nan babba ne: ashe idan an ga dama, ana iya zuwa kowane gida a mazaɓun Ajingi irin su Gafasa da Dundun, har rugar da mota ba ta shiga, a san yaran da ke ciki ɗaya bayan ɗaya.

A kan wannan hanya aka ɗora maganin riga-kafin zazzaɓin cizon sauro da ake rabawa gida-gida kowane wata a damina ga yara daga wata 3 zuwa 59, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2012. Akwai kuma makon lafiyar uwa da yaro, inda ake ɗiga sinadarin bitamin A a ba da maganin tsutsar ciki. Duk waɗannan suna ceton rai, ba na raina su. Illarsu ita ce kamfe ne: su zo kwana huɗu, a yi wa ƙofa alama da alli, a tafi. Riga-kafin yau da kullum, wanda sai uwa ta taka zuwa asibiti sau da dama kafin yaro ya cika shekara, shi ne ya rage a baya, kuma mashaƙo da ya ɓarke daga ƙarshen 2022, Kano ce ta fi kowace jiha jin jiki, ya tona wannan asiri. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don kiwon lafiya a matakin farko, da burin kowace mazaɓa ta samu asibiti ɗaya mai aiki. Ga Ajingi, asibitoci goma ke nan. Ma'aunin kuwa mai sauƙi ne, ba ya buƙatar rahoto: idan naƙuda ta zo da ƙarfe biyun dare, akwai ungozomar asibiti da ke kwana a wurin ko babu?

Tamowa ita ce inda abin ya fi ban tausayi, domin ganewarta ba ta da tsada. Wani ɗan siririn tef ne mai launi uku da ake zagaya wa damtsen yaro. Ma'aikaciya ta ce, "Maman yaro, miƙo min hannunsa na hagu." Ta lanƙwasa gwiwar hannun, ta nemi tsakiya, ta zura tef ɗin ta ja a hankali. Kore, lafiya lau. Rawaya, a tashi tsaye. Idan ya faɗa ja, ƙasa da santimita 11.5, yaron yana cikin haɗari ko da idonsa biyu yana wasa da ɗankwalin uwarsa. Uwar da ba ta taɓa shiga aji ba za ta iya koyon wannan awo a zama ɗaya, ta riƙa yi a gida. Maganin ma an san shi: haɗin nan na markaɗaɗɗiyar gyaɗa da madara da mai da sukari a 'yar leda. A Maraɗi aka nuna wa duniya ƙarfinsa a yunwar 2005, lokacin da ƙungiyar likitocin MSF ta yi jinyar yara sama da 60,000 a Nijar, mafi yawansu a gidajen iyayensu ba a gadon asibiti ba. Sai dai kusan duk kuɗin wannan abinci daga waje yake zuwa, kuma a 2025 Amurka ta datse tallafin da take bayarwa ta hannun USAID. Wanda ake samu ɗin ma wani ya ɓulla a kasuwa, wani kuma a raba shi da yayye, don gidan da yaro ɗaya ya faɗa ja, sauran ma ba ƙoshi suka yi ba.

Wannan ne ya kawo mu ga kuɗi, kuma ba sai an je nesa neman hujja ba. A maƙwabciyarmu Jigawa, a Buji da Gagarawa da Kirikasamma, tare da Anka da Tsafe a Zamfara, an gudanar da wani shiri daga 2013 zuwa 2019 da kuɗin gwamnatin Birtaniya, ta hannun ƙungiyoyin Save the Children da Action Against Hunger. Ana ba mai ciki naira 3,500 a wata, daga baya aka mayar 4,000, tun daga ciki har yaro ya cika shekara biyu, ana haɗa mata da bayani kan shayarwa da abinci da tsafta. Masu shakka sun ce mazan za su ƙwace, ko a kashe a biki. Da aka bi diddigi, sai aka tarar yawancin matan su ke riƙe da kuɗin, abinci ya fi cin kaso mai yawa, wasu kuma sun ja jari. Tsumburewa ta ragu da kashi 8 cikin 100, kuma bambancin bai gushe ba bayan shekara huɗu. Matan Buji da na Ajingi harshensu ɗaya, tuwonsu ɗaya, surukansu iri ɗaya. Idan aka kwatanta da ciyarwar firamare da tarayya ta fara a 2016 kan naira 70 kowane yaro, za a ga inda aka yi kuskuren lokaci. Ciyar da ɗan aji ɗaya alheri ne, yana kuma jawo shi makaranta, amma tsumburewa a kwana 1,000 na farko take kafuwa, daga shigar ciki zuwa shekara biyu. Abincin da ya zo a shekara ta shida ya makara.

Akwai wani ɓangaren da mu ba mu cika ɗaukarsa da muhimmanci ba, wato yi wa jariri magana da wasa da shi. A Kingston ta ƙasar Jamaika, a 1986 da 1987, an ɗauki yara 129 da suka tsumbure. Wasu daga cikinsu ma'aikaciyar lafiya ta riƙa ziyartar gidansu awa ɗaya kowane mako har shekara biyu, tana nuna wa uwa yadda za ta yi hira da ɗanta, ta kira masa sunayen abubuwa, ta yabe shi, su yi wasa da kayan da aka haɗa a gida. Bayan shekara ashirin, waɗannan yaran suna samun kuɗin shiga da ya fi na takwarorinsu da ba a ziyarta ba da kashi 25 cikin 100. Babu abin da aka yi a can da ya fi ƙarfinmu. Muna da tatsuniya da kacici-kacici da karin magana, muna da waƙar reno da tawai, muna da 'yar tsanar kara da motar gwangwani. Abin da ke faruwa shi ne suna ɓacewa. Dandali ya mutu a garuruwa da yawa, kakar da ke ba da tatsuniya ta gaji, yaro ya yi kuka a miƙa masa waya. Ga kuma kunyar ɗan fari da ke hana yarinya mai haihuwar farko ta yi wa ɗanta wasa a gaban mutane. Matar nan 'yar sa-kai da ta saba shiga gida don ɗigo, da za a ƙara mata horo da ɗan albashi tsayayye, ita ce za ta auna damtse, ta nuna yadda ake haɗa garin gero da gyaɗa da waken suya, ta kuma zauna a tabarma ta nuna wa uwa cewa jariri ɗan wata huɗu yana jin ta, yana ba ta amsa.

Sai maganar rabin aji. A takarda komai ya cika. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta sa renon ƙananan yara cikin ilimin matakin farko, an fitar da manufar ƙasa kan raya ƙuruciya a 2007, manufar ilimi ta 2013 kuma ta tanadi shekara ɗaya ta share fage kafin aji ɗaya a makarantun gwamnati. A aikace, inda ajin yake, sau da yawa shi ne ɗakin da ya fi lalacewa, ko gindin bishiya, kuma malamin da aka rasa inda za a kai shi ake turawa. Yara 'yan shekara huɗu su zauna a ƙasa suna rera baƙaƙen Turanci da ba su san ma'anarsu ba, alhali manufar ta 2013 da kanta ta tanadi a koyar da harshen uwa a wannan mataki. Kwalejojin ilimi suna yaye masu NCE a fannin renon yara, amma ba kasafai suke ƙarewa a ƙauye ba.

A ganina kuskure ne a ce sai an gina sabbin ɗakuna kafin a fara. Makarantar da ɗan shekara huɗu ke zuwa a Ajingi tana nan tun kaka da kakanni: makarantar allo ta zaure da Islamiyyar unguwa. Iyaye sun yarda da ita, ba ta da nisa, ba a tilasta wa kowa. Musulmin Mombasa a Kenya sun fahimci haka tun 1986, lokacin da suka haɗa kai da Gidauniyar Aga Khan suka buɗe ajin ƙananan yara a madarasa, inda ake karatun addini tare da wasa da ƙirga da labari, matan unguwa ne malamai, al'umma ce mai makarantar. Daga baya tsarin ya bazu zuwa Zanzibar da Yuganda. Na san alaramma zai yi tsaki, ya ce boko ne ake son shigo masa da shi ta bayan gida, kuma yana da dalili, don an sha yi masa alkawari a watsar. Shi ya sa ba a kan allonsa za a taɓa ba. Awa biyu da hantsi, a hannun wata matar unguwa da aka horar, da kofin kunun gyaɗa, ba bulala, ya isa. Yayar nan mai goyo ita ma ta samu ta tafi ajinta.

Maza ba za su zame ba. A gidan Bahaushe maigida ne ke ba da izinin fita asibiti, shi ke auna hatsi, shi ke yanke shawarar ko buhun waken nan na sayarwa ne ko na gida. A Damagaram an gwada abin da suka kira makarantar mazaje, inda magidanta ke zama suna tattauna lafiyar iyalinsu su kuma ja hankalin 'yan uwansu, har ta bazu zuwa wasu jihohin Nijar. Mu muna da mumbarin Juma'a da majalisar bayan la'asar, da fadar dagaci. Muna kuma da zakkar amfanin gona da ake fitarwa kowace kaka, wadda da za a tara wani kaso nata a hannun amintattun gari don masu ciki da masu goyo na gidajen da suka cancanta, da an rage ja a tef ɗin nan tun kafin damina ta yi nisa. Jihar Kano na da Hukumar Zakka da Hubusi tun 2003, sai dai aikin da ake bukata a nan na matakin ƙauye ne.

Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yulin 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma asibitin matakin farko da firamare dama suna cikin ayyukan da tsarin mulki ya ba su hannu a ciki. Don haka kiran nan na shugaban ƙaramar hukumar Ajingi ne da kansilolinsa goma, da Mai Martaba Sarkin Gaya da hakimansa. A ɗauki mata masu ziyarar gida a kowace mazaɓa, a sa albashinsu cikin kasafin kuɗi don kada aikin ya mutu ranar da mai tallafi ya naɗe tabarmarsa. A sa masu unguwanni su riƙa rubuta kowace haihuwa kamar yadda aka yi lokacin shan-inna. Gwamnatin jiha kuma ta aika mutanenta Buji su ga yadda aka yi da kuɗin masu ciki, ta zo ta fara da Ajingi da Gaya.